Rawar hannun Baba: shekara biyu muna buga ƙofar da ba ita ba

Mahaifinmu ya yi sama da shekara 40 yana sayar da turare a kasuwar Kurmi. Mutum ne da ake kawo wa kwalba daga nesa a ce ya shinshina ya faɗi ko an yi mata algus, kuma da wuya ya kuskure. Saboda haka ranar da ya fara miƙa wa yaron shago kwalba yana cewa "ji mini wannan", dariya muka yi, muka ce hanci ya nemi fansho. Shi ya ce mura ce, Hajiyarmu ta ce ƙurar hunturu ce. Wannan ya faru shekara huɗu ko biyar kafin hannunsa ya soma rawa, kuma babu wanda ya taɓa haɗa abubuwan biyu sai ranar da likita ya tambaye mu. Ina rubuta wannan ne saboda mai tsoho ko tsohuwa a gida da irin wannan larura, wato cutar Fakinsin, kada ya yi yawon da muka yi.

Rawar ta fara ne a hannun dama kaɗai. In yana zaune a zaure bayan la'asar, hannun na kan cinya, sai ka ga babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi, alhali carbin yana aljihu. Abin da ya ruɗe mu shi ne da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, rawar takan tsaya cak. Sai ya ce, "Kun gani, in na ce ya tsaya, tsayawa yake." A hankali wasu abubuwa suka biyo baya waɗanda duk muka ɗora wa tsufa. Littafin bashin da yake rubutawa da ajami, layi zai fara da baƙaƙe manya-manya ya ƙare da wasu 'yan mitsi-mitsi kamar sawun tururuwa. Murya ta yi ƙasa har sai an ce ya maimaita. Fuska ta daina motsi, jikoki suna tambayar iyayensu ko Alhaji fushi yake da su. Sa maɓallin riga ya zama aiki. Hajiya kuma ta ce da dare yakan yi ihu yana kai naushi cikin barci kamar mai kokawa da ɓarawo, ga shi yakan kwana uku bai je bayan gida ba.

Ƙofar farko da muka buga ita ce ta mai kemis na unguwa. Ya ce jijiyoyi ne suka yi sanyi, ya haɗo maganin ƙarin jini da bitamin, daga baya ya ƙara da wani na jiri. Wata uku muka yi a haka. Daga nan dangi suka shigo, kowa da tasa. Kawu ya ce ruwa ba ya tsami banza, mutumin da yake cikin kasuwa shekara da shekaru ai ba ya rasa mahassada. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Ba na raina addu'a, har gobe muna yi, kuma na ga yadda take kwantar wa Baba da hankali. Waɗanda nake jin haushinsu su ne masu jarka, waɗanda za su dubi tsoho su ce an yi masa jifa, a kawo rago, a kawo kaza, nan da kwana 40 zai watsake. Da na zauna na yi lissafi daga baya, abin da muka kashe a wannan layin ya ninka duk kuɗin gwajin da aka yi mana a asibiti.

Bayan kusan shekara guda na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi. Aka auna jini aka ga ya ɗan hau, aka ce ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa shi. Aka rubuta maganin hawan jini, aka haɗa da wata 'yar ƙwaya, Artane, saboda rawar hannun. Da na je saye, mai kantin maganin ya dube ni sama da ƙasa, don wannan ƙwayar ita ce wadda samari suke sha su bugu, wadda ake kira Exol. Sai da na nuna masa takarda. Rawar kam ta ɗan ragu, amma muka yi gudun gara muka faɗa gidan zago. Baki ya bushe, fitsari ya koma fita da ƙyar, bayan gida ya ƙara tauri, sai kuma mantuwa. Wata rana da magariba ya ce a ba baƙin da suke zaune a kan tabarma ruwa, babu kowa a kan tabarmar. Nan fa masu cewa iska ce suka samu abin faɗa. Daga baya ne muka ji daga bakin likita cewa wannan maganin an san shi da rikita tsofaffi, shi ya sa ake kaffa-kaffa da shi ga wanda ya manyanta.

Abin da ya cece mu shi ne fitsarin nan. Saboda shi na kai Baba wani asibitin gwamnati, sashen da ake ganin marasa lafiya su koma gida. Mun fita bayan asuba, muka yanki kati, muka zauna a benci har wajen sha biyu. Wata matashiyar likita muka samu. Tun kafin mu zauna na ga ta ajiye biro tana kallon yadda Baba yake shigowa: ya ɗan duƙa, taku gajeru yana jan ƙafa, hannun dama a manne da jiki ba ya lilo. Ta ce, "Baba, don Allah koma bakin ƙofa ka sake tahowa." Ta karɓi ledar magungunan da na zo da ita ta zazzage a tebur, ta ware biyu gefe. Ta ce tana zargin wata cuta ce, amma ba ita za ta yanke hukunci ba, za ta rubuta mana takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kalmar ƙwaƙwalwa kawai Baba ya ji. Muna fita ya tsaya, ya ce, "Malam," don ba ya kama sunana, ni ne ɗan fari, "Dawanau za ku kai ni?" Asibitin masu taɓin hankali yake nufi. Mako uku muka yi takarda tana aljihuna ya ƙi zuwa ko'ina. A Hausa sunan ɗaya ne, amma aikin biyu ne: akwai likitan taɓin hankali, akwai likitan da yake duba jijiyoyin da suke sarrafa motsi, irin wanda yake ganin masu farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Sai da amininsa, limamin masallacinmu, ya zauna da shi dare biyu sannan ya yarda.

Zuwanmu na farko babban asibitin, wanda ba zan kama sunansa ba, wahalar banza na ba tsoho. Na ɗauko shi a adaidaita sahu da sanyin safiya, ƙarfe bakwai muna can, ashe ranar ba za a gan shi ba sam. Aikin takarda ne kawai: ka kai takardar turawa ofishin ajiyar fayil, a ba ka lamba, ka je wurin biyan kuɗi ka bi layi, ka dawo da rasit, a buɗe fayil, a ba ka ɗan kati, sannan ka je wurin ma'aikaciyar jinya ta sashen ta duba littafi ta ba ka rana. Kati da fayil ba su kai naira 5,000 ba a lokacin, amma na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki, sai da na fita bakin titi na nemo tsaba, na dawo na tarar layi ya wuce ni. Likitocin jijiya rana ɗaya suke zama a mako, kuma littafin a cike yake, aka ba mu mako bakwai. Ana cewa zuwa da kai ya fi aike, amma a wannan ranar da na bar shi a gida da ya fi. Mai niyyar zuwa ya fara tambaya ko sai da marar lafiya ake buɗe fayil, ya riƙe tsabar kuɗi, ya kuma yi wa takardar turawa kwafi biyu kafin ya miƙa ta, don in ta shiga fayil ba za ka sake ganinta ba.

Ranar ganin likita mun isa shida da rabi, muka samu mutum 20 da wani abu a gabanmu. Wasu daga Jigawa, wasu daga Katsina, akwai wanda ya ce daga Damagaram ya taho ya kwana a masallaci. Aka auna jini da nauyi, aka tara katuna, aka shiga jira. Wajen sha ɗaya aka ce ba a ga fayil ɗinmu ba, na koma ofishin ajiya da kaina na tsaya a kan wani ma'aikaci har ya zaƙulo shi. Sai bayan azahar aka kira mu. Kujerar da Baba ya zauna a kai ta ƙarfe ce marar hannu, da ƙyar na ɗaga shi. Daga ranar ban sake zuwa ba tare da ruwa, dabino da ɗan matashin kai ba.

Likitan ya yi kusan minti 40 da mu, kuma rabin lokacin tambaya ce. Yaushe rawar ta fara, wane hannu, tana yi in yana hutawa ko in yana aiki. Yana faɗuwa? Wane magani yake sha, har na kemis da na gargajiya? Ya taɓa yin noma da feshin maganin ciyawa ko na ƙwari? Akwai mai irin wannan a dangi? Sai ya ce, "Baba, ƙamshi fa, kana ji?" Ni da Baba muka dubi juna. Da ya tambayi barci kuwa, sai na kira Hajiya a waya, don ita ce ta san wannan. Daga nan ya sa shi ya dinga haɗa babban yatsa da manuni da sauri, yana buɗewa sosai. Na hagu ya yi daidai, na dama ya fara da kyau sai ya dinga ƙanƙancewa har ya tsaya. Ya kama wuyan hannunsa yana juyawa, ya ce in taɓa in ji: yana tafiya ne da ɗan tsalle-tsalle kamar haƙoran keken ɗinki. Ya sa shi rubutu, ya sa shi zana da'ira mai nannaɗewa, ya fita da shi baranda ya yi tafiya ya juyo. Ya tsaya a bayansa ya ja kafaɗunsa ya ga ko zai tare kansa. Ya auna jini a kwance, ya sake aunawa a tsaye. Sannan ya zauna ya ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, wadda ita rana ɗaya take faɗo wa mutum. Cutar Fakinsin ce. A takarda za ka ga an rubuta Parkinson, sunan likitan Landan ne da ya fara bayaninta a 1817. Ganin fuskar Baba ba ta nuna ya gane ba, sai ya ce, "Ciwon Muhammad Ali ɗan dambe." Baba ya ɗago kai. Ya ce a rediyo ya ji damben da ya yi a Kinshasa a 1974. Ban taɓa zaton sunan ɗan dambe zai cire wa tsoho kunyar ciwo ba, amma tun daga ranar haka yake gaya wa masu zuwa dubiya.

Abin da ya fi yi mini amfani a duk wannan tafiya shi ne zanen da likitan ya yi a bayan wata takarda. Ya zana abu kamar bishiya. Gindinta yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, a wani ɗan wuri mai duhun launi, rassanta kuma sun miƙa sama zuwa sashen da yake daidaita motsi. Kowace jijiya ɗaya tana da rassa dubban ɗaruruwa, kuma a ƙarshen kowane reshe akwai ɗan baki. Bakin nan ba ya taɓa jijiyar da take gabansa, akwai 'yar tazara a tsakani wadda ta fi silin gashi siranta sau fiye da dubu. To yaya saƙo zai tsallaka? A cikin bakin akwai 'yan ƙananan jakunkuna cike da wani sinadari, dofamin. In saƙo ya iso, sai jakar ta matso ta buɗe ta zubar da shi a tazarar, jijiyar gaba ta ji, sannan bakin ya tsotse ragowar ya sake ɗurawa. Ya ce a wannan cuta bakunan nan ne suke fara lalacewa tun gindin yana raye, kuma kafin a ga rawar hannu, wajen rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Baba, da ya shekara 40 yana ɗura turare daga babbar kwalba zuwa ƙanana, shi ya riga ni ganewa. Ya ce, "Wato shagunan ne suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, sito yana nan." Likita ya yi dariya ya ce zai ari wannan ya gaya wa ɗalibansa.

Ya rubuta mana gwaje-gwaje: sukari, ƙoda, hanta, maƙoshi, da hoton ƙwaƙwalwa. Na jini mun gama su a kwana biyu, kowanne da nasa layin biyan kuɗi da nasa rasit. Hoton shi ne mai tsada, ya cinye kusan rabin albashina, sai da 'yan uwa suka yi karo-karo. A wani wurin kuɗi muka yi shi, aka kwantar da Baba cikin na'ura mai ƙara kamar injin markaɗe kusan rabin awa. Sakamako ya fito an ce babu wani abin damuwa, gida ya ɗauki murna, Kawu ya ce ai dama ya faɗa, ba ciwon asibiti ba ne. Da muka koma, likita ya ce haka dama ake sa ran gani. Wannan hoton ba ya nuna bakunan jijiya. An yi shi ne don a tabbatar ba ƙari ba ne, ba ruwa ne ya taru ba, ba toshewar jijiyar jini ba ce. Ita cutar da ido da hannun likita ake gane ta, sai kuma yadda jiki ya karɓi magani. Da na san haka tun farko da na gaya wa mutanen gida kafin sakamakon ya fito, da an huta da gardamar mako guda.

Aka janye Artane a hankali, ba dare ɗaya ba, baƙin kan tabarma suka daina zuwa. Na jirin nan na kemis ma aka ce a bar shi, don akwai magungunan jiri da na amai da na taɓin hankali da suke toshe aikin dofamin, su kawo irin wannan rawa ko su ƙara ta. Sannan aka fara masa lebodofa haɗe da kabidofa, rabin ƙwaya sau uku a rana. Autanmu, da yake karatun likita a Jami'ar Bayero, shi ya ƙara mini bayani: dofamin kansa in an sha ba ya iya shiga ƙwaƙwalwa, amma lebodofa yana shiga, sai ragowar bakunan da suke raye su mayar da shi dofamin su ɗura a jakunkunansu. Kabidofa kuwa aikinsa ya hana a mayar da shi tun yana hanya, shi ke rage tashin zuciya. Ya ce tun a 1957 wani masani ɗan Suwidin, Arvid Carlsson, ya nuna haka a jikin zomaye, ya kuma samu kyautar Nobel a 2000, kuma har yau babu maganin da ya fi shi aiki a kan wannan cuta. Samunsa ne aiki. Kantin asibiti babu, na zaga kantuna huɗu kafin na samu, kuma inshorar wurin aikina ni da iyalina ta ɗauka, ba ta ɗauki mahaifi ba. Akwai Sinemet, akwai wasu na Indiya masu sauƙin kuɗi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma duba lambar da take jikin kwali, don akwai mai 100/25 akwai mai 250/25. An taɓa miƙo mini babban a madadin ƙaramin, Allah ya sa na duba kafin in bar kantin.

Mako biyu da farawa ban ga wani canji ba, har na fara karaya. Da muka koma, tambayar farko da likita ya yi ita ce da me yake shan maganin. Da fura da nono, don Hajiya ta ce ba a shan magani ciki babu komai. Da rana kuma bayan shinkafa da wake. Ya ce nan matsalar take. Abinci mai gina jiki, nono da nama da wake da ƙwai, hanya ɗaya suke bi da maganin daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, sai su yi masa cunkoso. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana riƙe shi. Ya ce a ba shi rabin awa zuwa awa guda kafin abinci, da ruwa, in zuciya ta tashi a haɗa da ɗan biskit. Ya ɗan ƙara adadin. Kwana goma bayan haka na shiga gaishe shi da safe na tarar ya sa rigarsa da kansa, maɓalli duka a rufe, yana yi wa jikarsa tsiya a kan ta cinye masa ƙosai. Fuskar ta dawo. Fita na yi zaure na zauna ni kaɗai na ɗan lokaci.

Aka tura mu wurin masu gashin ƙashi, wanda ni a da na ɗauka na masu karaya ne kawai. Can ma sabon kati, sabon layi, amma sau shida kawai muka je, sauran a gida ake yi. Sun koya masa taku manya-manya, lilo da hannu, tashi daga kujera ta hanyar matsowa bakinta tukuna, da ɗaga murya. Da ya fara maƙalewa a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ta kafe kamar an sa mata gam, suka ce kada a ja shi, ja ne yake kayar da su. A zana layuka a ƙasa ya dinga tsallakawa, ko ya ƙirga. Muka shafa farin fenti layi-layi daga ɗakinsa zuwa bayi, muka ɗauke dardumar tsakar ɗaki. Shi kuma maimakon ƙirga ɗaya biyu sai ya zaɓi tasbihi, kowane taku da nasa. Saboda jinin da yake sauka in ya miƙe da sauri, wasu sallolin a zaune yake yi, bayan liman ya tabbatar masa babu laifi.

Kuskure biyu muka ƙara yi. Azumin farko ya dage sai ya yi, aka mayar da magani sahur da buɗa-baki. Kwana uku ya yi, kullum kafin azahar jiki ya sandare, a na ukun ya faɗi a bayi. Likita da liman bakinsu ya zo ɗaya, ya koma ciyarwa, ba da son ransa ba. Na biyun laifina ne: magani ya ƙare ana tsakiyar wata, kasuwa babu, na ce kwana huɗu ba komai. A kwana na uku ko juyi a gado ba ya iyawa, haɗiyar ruwa ma da ƙyar. Likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce yanke wannan magani kwatsam yana iya kai mutum gadon asibiti da zazzaɓi da sandarewa. Yanzu in saura na mako biyu nake fita nema, kuma akwai kwali ɗaya a ɗakin Hajiya da ba a taɓawa.

A shekara ta uku da fara magani muka lura ƙarfinsa ba ya kaiwa lokacin shan na gaba. Awa uku da rabi sai jiki ya fara nauyi. Dangi suka ce jiki ya saba da magani, wasu suka ce jabu ne. Zanen nan na bayan takarda shi ya hana ni ruɗewa. Maganin ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. A farko bakunan da suka rage suna ajiye dofamin su dinga saki a hankali, shi ya sa sau uku yake isa. Da suka ƙara raguwa, ma'ajiya ta ƙanƙance, sai jiki ya koma bin agogo. Likita ya raba adadin zuwa sau huɗu, ya ce in riƙa rubuta lokacin da ya sha da lokacin da jiki ya saki da lokacin da ya ɗaure. Wannan littafin ya fi duk bayanin baki amfani, don ganin likita sau ɗaya ne a wata uku ko huɗu, kuma ba lallai ka samu wanda ka gani wancan karon ba. Masu cewa a kai shi Masar ko Indiya a yi aiki, likita ya ce aikin yana nan, ana dasa waya mai ba da lantarki a cikin ƙwaƙwalwa, amma ba kowa ya dace da shi ba, kuma shi ma sauƙaƙawa yake, ba ya tsayar da cutar.

Tambayar da 'yan uwana suka fi damuna da ita ita ce ko gado ce. Mafi yawan masu ita ba su gada ba. Amma ta hanyar 'yan gidajen da suka gada ne aka gano bakin zaren. A 1997 aka samu canji a ƙwayar gado ta wani furotin, wato wani sinadarin jiki mai suna alfa-sinuklin, a wani babban dangi 'yan asalin Italiya, kuma a shekarar aka gano shi ne yake curewa a jijiyoyin masu cutar. Mazaunin wannan furotin kuwa shi ne bakin jijiya, a jikin 'yan jakunkunan nan. In ya lanƙwashe ba daidai ba sai ya dunƙule ya hana su aiki. Dunƙulen nan ana samunsa a jijiyar shinshina da ta hanji tun da wuri, abin da ya sa hancin Baba da cikinsa suka riga hannunsa kawo ƙara. Har da mu a binciken: a 2023 aka wallafa wani nazari da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa, mafi yawan marasa lafiyar da aka duba 'yan Nijeriya ne, aka gano wani canji a ƙwayar gado mai suna GBA1 da yake ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu ita sun haura miliyan 8.5, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Duk wanda ya zauna a bencin nan na ƙarfe ranar asibiti ba zai yi mamaki ba.

In da zan sake, abin da zan fara yi shi ne in ɗauki bidiyon hannun da tafiyar a waya, in kwashi duk magungunan da suke gidan a leda, in je asibitin gwamnati in roƙi takardar turawa zuwa likitan jijiya kai tsaye. Zan tafi da Hajiya, don rabin amsoshin a wurinta suke. Zan kuma guji kalmar ƙwaƙwalwa a gaban tsoho sai na gama yi masa bayani. Ƙanshin dai bai dawo ba, likita ya ce kada mu sa rai. Amma Baba yana zuwa Kurmi Litinin da Alhamis, daga goma zuwa azahar, lokacin da magani yake kan ganiyarsa. Agogon wayar Hajiya yana bugawa shida, goma, biyu da shida. Jiya na same shi a shago wani ya kawo kwalba a duba masa, ya ɗaga ta sama yana kallon yadda man yake gangarowa a jikin gilashi, ya ɗiga a bayan hannu ya murza, ya ce an sirka. Yaron shago ya shinshina ya ce haka ne.